Farfesan Zoɓo na Fagge

Lissafin da likitocin duniya suke dogara da shi idan za su ce wannan magani ya fi wancan, a kamfanin giya aka haife shi. Ba ɓatanci nake yi ba. Wani Bature mai suna William Gosset, ma'aikacin kamfanin Guinness a birnin Dublin na ƙasar Ailan, shi ya fitar da shi a 1908 a mujallar Biometrika. Abin da ya dame shi sha'ir ne da sauran kayan haɗin da kamfanin yake saye. Ya auna kaɗan daga nan, kaɗan daga can, ya ga matsakaicin wannan ya ɗara na wancan. To ɗarawar ta gaskiya ce, ko kuwa dace ne na abin da hannu ya ɗebo? Kamfanin bai yarda ma'aikatansa su buga bincike da sunansu ba, sai ya sa hannu da "Student". Daga nan lissafin nasa, wato gwajin t, ya bazu, har ta kai yau da wuya ka buɗe mujallar likitanci ba ka ci karo da shi ko da ɗaya daga cikin jikokinsa ba.

A Kano mun san unguwar da kayan irin wannan kamfani suke sauka. Ni kuwa haifaffen Fagge ne, mu da Sabon Gari ƙaramar hukumarmu ɗaya, titi ne kawai a tsakani. Ina kyautata zaton ta nan tururin lissafin ya tsallako ya buge ni, domin abin da na aikata ba aikin wanda yake cikin hayyacinsa ba ne.

Malamin lissafi ne ni a wata sakandare, kuma can baya na taɓa zama ajin ƙididdiga, na fito da irin makin da ba a nuna wa 'ya'ya. Da likita ya ce jinina ya hau ya rubuta mini ƙwaya, uwargida ta ɗora nata hukuncin a kai: zoɓo safe da yamma, babu sukari ko ƙwaya ɗaya. Na kai kukana majalisarmu da ke zama a gefen teburin mai shayi bayan sallar isha. Teloli ne yawanci, sai 'yan Kantin Kwari, da ɗan canji guda daga Wapa, da wani tsohon ma'aikacin reluwe da ba a taɓa kawo zancen da bai sani ba. Nan take musu ya kaure. Wani Alhaji mai sayar da atamfa ya rantse zoɓo ƙara jini yake yi, ko ba mu ga launinsa ba? Mutum jininsa ya hau kuma a ƙara masa wani, ai kisan kai ne da rana tsaka. Ɗan canji ya ce tsinka jini yake yi. Tsohon reluwe ya ce duk surutu ne, tafarnuwa ce magani.

A Fagge ba don a gama musu ake fara shi ba, don a kai ƙarfe goma sha ɗaya ne. Kowa ya san wannan. Ni kaɗai na zaro waya.

'Yar yayata likita ce, tana karatun ƙwarewa a fannin lafiyar al'umma, kuma ta taɓa turo mini wani bincike ta WhatsApp don ta ƙarfafa wa uwargida gwiwa. Na karanta wa jama'a da muryar mai labaran duniya. Jami'ar Tufts ce a Boston ta Amurka, aka buga a 2010. Mutum 65 waɗanda jininsu ya fara hawa, aka raba su gida biyu da ƙuri'a. Gida ɗaya kofi uku na zoɓo kullum har mako 6, ɗaya gidan wani abin sha da aka yi don ya yi kama da zoɓo alhali ba shi ba ne. Lambar sama ta awon jini ta sauka da matsakaicin 7.2 a wajen masu zoɓo, a ɗaya gidan kuwa 1.3 kacal. Lambar p ta fito 0.03. Na ɗaga kai ina jiran kabbara.

Alhaji ya kurɓi shayi, ya ajiye kofi, ya ce, "Malam, wannan ai jinin Amurkawa ne. Mutanen da ba sa cin miyar kuka da magi uku, ba sa biyan kuɗin wuta su kwana a duhu, kuma kowa matarsa ɗaya. A auna namu mu gani."

Tsakani da Allah maganarsa tana da tushe, kuma masana ma suna yin irinta da manyan kalmomi. Zoɓon ma daga gonakinmu na Jigawa da Kano ake loda shi zuwa Meziko, amma awonsa sai mu jira Boston. Amsar da ta dace da mai shekaruna ita ce, "Allah Ya kawo masu aunawa." Abin da na ji bakina ya faɗa shi ne, "Ni zan auna."

Washegari na shiga kasuwar Sabon Gari na sayo na'urar awon jini mai batir, wadda ta fi kowace araha, da littafi mai layi, da biro kala biyu don aikin ya yi kwarjini.

Lissafin kansa ba abin tsoro ba ne, kuma a nan tarkon yake. Ka fitar da matsakaicin rukuni na farko, ka fitar da na biyu, ka ɗebe wannan daga wancan. Sai ka raba abin da ya saura da ma'aunin hayaniya, wato yadda mutanen cikin kowane rukuni suka sha bamban a junansu, tare da la'akari da yawansu. Kamar sallama ce a Kantin Kwari: da asuba ko raɗa ka yi za a ji ka, amma ranar jajiberin salla sai ka kwarma ihu, ko ku taru da yawa ku yi tare. Bambancin maki shida ihu ne idan jinin kowa kusan ɗaya ne, raɗa ne idan wani yana 120 wani yana 170. Abin da rabawar ta ba ka shi ne t. Daga shi ake samo lambar p, wadda take amsa tambaya guda tak: a ce zoɓo ba ya yin komai, sau nawa dace kaɗai zai kawo bambanci mai girman wannan ko fiye? Idan bai kai sau 5 cikin 100 ba, al'ada ta ce ka fara ɗaga murya. Wannan iyaka ta 0.05 ba wahayi ba ce. Ronald Fisher ne ya ga ta yi masa daidai a littafinsa na 1925, duniya ta riƙe ta gam har yau.

Saura rukuni biyu. Majalisarmu ta zama rukunin zoɓo, tun da suna kusa da tukunyar gidana. Rukunin da ba za su sha ba kuwa, sai na tuna da wani abokina Ibo mai sayar da kayan janareto a France Road. A Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa karin magana. Na zayyana masa manufa, ya yi dariya har da buga kanta.

"Malam, wato mu ne waɗanda ba za a ba komai ba?"

"Oga, ku ne ma'auni. Ba don ku ba, binciken banza ne."

"To ai mun saba. Gwamnati ma haka take yi da mu."

Ya tara mini yaran shagonsa da na maƙwabta. Na riƙa zuwa da tsakar rana idan na tashi daga makaranta, in ɗaura musu na'ura a tsaye, ana gwada janareto a gefen kunnenmu, wani yana amsa ciniki da hannu ɗaya. Mutanen Fagge kuwa da dare nake auna su, a zaune a kan benci, bayan sun sha shayi mai kauri sun ɗora goro. Daga baya na ji ƙa'ida ta ce mutum ya zauna shiru minti 5, bayansa a jingine, hannunsa daidai ƙirji, kuma ya yi rabin awa bai sha shayi ko taba ko ya ci goro ba. A majalisarmu wanda ya cika waɗannan sharuɗɗa sai dai in ya rasu.

A wannan zirga-zirgar ne wani dattijo mai tiren goro da ke zama a bakin shagon Oga ya tsinka mini nishaɗi. Na miƙa masa na'ura da fara'a, ya janye hannunsa cikin riga.

"Ɗan nan, wa ya aiko ka? Ina takardarka? Gwaji ne?"

Na ce taimako ne, Baba, kyauta ne.

"Wancan ma kyauta aka ce," ya faɗa, ya nuna da haɓa wajen Asibitin Zana.

Ba wanda ya yi dariya, har Oga. A 1996 annobar sanƙarau ta ci rayuka sama da 11,000 a Najeriya, kuma a wannan asibiti na cututtuka masu yaɗuwa kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa Trovan a kan yara kimanin 200. Rukuni biyu ne su ma, kusan rabi aka ba Trovan, sauran aka ba ceftriaxone. Yara 11 suka rasu, 5 a rukunin farko, 6 a na biyu, wasu suka tashi da nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ba ne, ba su sa hannu a komai ba, aka kuma yi zargin an rage adadin maganin da aka ba rukuni na biyu. Kamfanin ya musanta laifi, ya ce cutar ce ta yi kisan kuma an nemi izini da baki. Jaridar Washington Post ta tono zancen a 2000, aka yi ta shari'a, sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Da aka ƙaurace wa allurar shan inna a Kano a 2003, wannan labari yana cikin abin da mutane suka riƙa kafa hujja da shi. A takarda, 5 da 6 lambobi ne da kowane ɗalibi zai ce babu wani bambanci a tsakaninsu. A unguwar nan kuwa akwai gidajen da suka san sunayen. Na naɗe na'urata na sayi goron da ba na bukata, na bar dattijo da hannunsa.

Wani mai hankali da nan ya tsaya. Ni na riga na sayi biro kala biyu.

Da wa'adi ya cika na zauna da Excel a kwamfutar makaranta, na zuba lambobin ƙarshe na rukunin biyu, na danna. Bambanci ya fito ƙato, lambar p ta yi ƙasa har sifili ya jeru. Sai dai ta ɓangaren da ban so ba. Masu shan zoɓo jininsu ya fi na Sabon Gari hawa nesa ba kusa ba. Wato kimiyya, ta hannuna, da kuɗin zoɓona, ta tabbatar da maganar Alhaji. Na yi zaune ina kallon allon har mai gadi ya leƙo ya tambaya ko lafiya.

Can dabara ta zo. Ai ba inda jini yake ake kallo ba, yawan saukar da ya yi ake kallo, haka ma 'yan Boston suka yi. Na ɗebe awon ƙarshe daga na farko ga kowane mutum, na sake dannawa. Allahu Akbar. Fagge ta sauka sosai, Sabon Gari tana nan inda take, lambar p kuma ta leƙa ƙasan 0.05. A daren nan na fara tunanin irin babbar rigar da ta dace da mutumin da za a yi hira da shi a rediyo. Na ɗauki hoton shafin na tura wa 'yar yayata, na rubuta a ƙasa: "A duba ko akwai ɗan gyaran rubutu."

Ba ta amsa da rubutu ba, kira ta yi. Ta gaishe ni da ladabi, ta tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya, wanda hakan ya isa ya sa in sha jinin jikina.

"Kawu, shekarun mutanen Fagge nawa nawa ne?"

Na ce daga hamsin zuwa abin da ya yi sama.

"Na Sabon Gari fa?"

Na ce yara ne masu jini a jika, ba su fi ashirin da 'yan kai ba.

"To Kawu, ba zoɓo ka gwada ba, tsufa ka gwada. Kuma an riga ka ganowa."

Na ce ai shi ya sa na koma kan sauka. Ta tambaye ni yadda na zaɓi waɗanda za su sha. Na gaya mata da alfahari cewa waɗanda na'ura ta fi nuna wa lamba babba a daren farko su na fi matsa wa, don su suka fi bukata. Ta yi shiru irin na mai neman kalmar da ba za ta zama rashin kunya ba. Sannan ta ce jinin mutum ba ya tsayawa wuri ɗaya, yau sama gobe ƙasa, kuma ranar farko tsoron na'ura kaɗai yana ɗaga shi. Idan ka tsinci waɗanda suka fi kowa hawa a rana guda, ka sake auna su bayan mako, yawancinsu za su sauko ko da ruwan randa ka ba su. Francis Galton ya bayyana wannan komawa zuwa matsakaici tun 1886, a kan tsawon iyaye da 'ya'yansu. Yaran Sabon Gari kuwa jininsu daidai yake tun farko, ina za su sauka su je?

Na jawo makamina na ƙarshe. Na ce Gosset da kansa, misalin farko da ya kawo a takardarsa ta 1908 na majinyata 10 ne kacal da aka gwada wa magungunan barci. In goma sun ishe shi, me zai hana nawa su ishe ni?

"Kawu, waɗannan goman kowa da kansa aka gwada shi, an ga barcinsa da wannan magani, an ga barcinsa da wancan. Kai kuwa ka gwada Alhaji da yaron shago. Kuma a binciken Boston bazuwar saukar ta kai maki 10 zuwa 11. Mai son ya kama bambancin maki 6 a cikin irin wannan, ya kama shi sau 8 cikin 10, yana bukatar mutum sama da 50 a kowane ɓangare. Ku nawa ne a majalisar?"

Na ce ya danganta da ko an biya albashi.

Ta ƙara da cewa ko ɗalibi ba ya taɓa hannun mutum da sunan bincike sai kwamitin ɗa'a ya duba ya amince, kuma kowa ya sa hannu da saninsa. Ta roƙe ni don girman Allah kada in sa kowa ya bar ƙwayarsa. Duk na ji. Amma abin da kunnena ya riƙe kalma ɗaya ce da ta faɗa a tsakiya: ƙuri'a. Ta ce tun gwajin streptomycin na tarin fuka da aka buga a Ingila a 1948, mai majinyata 107, wanda Austin Bradford Hill ya tsara rabonsa, hanyar ita ce a bar sa'a ta raba mutane, a rufe rabon a ambulan yadda likitan kansa bai san inda na gaba zai faɗa ba. Ta haka tsufa da ƙiba da cin gishiri da yawan iyali za su watsu a ɓangarorin biyu ba tare da son ran kowa ba. Ita ta faɗa don in gane girman abin in haƙura. Ni na ji an ba ni lasisin zagaye na biyu.

Na sallami Sabon Gari da godiya. Oga ya ce yaransa suna tambayar yaushe za a kawo nasu zoɓon, tun da sun yi haƙurin rashin sha. Na kai musu jarka guda, wannan da sukari.

Zagaye na biyu a cikin majalisa na yi shi. Na sayo ambulan, na rubuta "ja" a wasu takardu, "jajaye" a wasu, kowa ya zara. Kafin in gama rubuta sunaye, an fara musaya a ƙarƙashin benci. Ɗan canji, wanda sana'arsa ke nan, ya karɓi ambulan biyu ya sayar da ɗaya a kan kofin shayi. Alhaji ya ce shi ba ya zara, ƙuri'a caca ce, a ba shi na gaskiyar kawai don ya ƙaryata ni da hujja.

Sai matsalar zoɓon bogi. Dole rukuni na biyu su sha abin da ba za su gane ba zoɓo ba ne, in ba haka ba zuciya kaɗai tana iya saukar wa wani jini ta ɗaga wa wani. Na koma kasuwar Sabon Gari wajen masu kayan kek na sayo jar kala, uwargida ta jiƙa tsamiya muka haɗa. Ta ɗanɗana ta ce, "Malam, wannan ko akuya ba za ka yaudara da shi ba." Na ce mata ra'ayi daban, kimiyya daban. Fisher ɗin nan, a littafinsa na 1935, ya tsara yadda za a gwada wata mata da ta ce tana gane ko madara aka fara zubawa a kofi ko shayi: kofi 8, huɗu haka huɗu haka, a hautsina. Hanyoyin zaɓen huɗu cikin takwas 70 ne, saboda haka mai cinke zai dace da duka sau 1 ne cikin 70. Na jera wa mai shayinmu kofi takwas. Bai kai ko ɗaya baki ba. Ya sunkuya ya shinshina, ya ture huɗu gefe da bayan hannu, ya ce, "Malam, waɗannan tsamiya ce, kuma ta kwana." A duk tsawon aikina na bincike, wannan ne sakamako mafi tsabta da na samu, kuma ya cika kowace ƙa'ida.

Duk da haka aka ci gaba, domin an riga an jiƙa tsamiya. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne bismilla. Ɗan Fagge ba zai ɗaga gora a gaban maƙwabcinsa ya sha shi kaɗai ba, ko Fisher ne ya tsaya a kansa. Gorar zoɓo takan zaga benci, ta tsamiya ma ta zaga, sai kowa ya sha rabin magani rabin bogi. Masu tsamiya suka fara tashi tsakiyar hira da sauri ba sallama, tsohon reluwe ya ce tun da yake bai taɓa samun sauƙin ciki irin wannan ba, a ƙaro. Daga baya na gano uwargida, don tausayin baƙi, tana sa wa nasu zoɓon sukari da citta da kanumfari. Nawa ne kaɗai na azaba.

Lambar p ta zagaye na biyu ta fito can sama, ko hango 0.05 ba ta yi. Babu bambanci, ko kuma dai mutanena sun yi kaɗan a ga bambancin, lissafin ba ya gaya maka wanne ne. A nan ne shaiɗanin da ke bin manyan masu bincike ya ga dama ta samu, ya zauna kusa da ni. Ya ce raba su mana. Na raba teloli da 'yan kasuwa, babu. Masu goro da marasa goro, babu. Na yi rukuni uku na kira lissafin anoba na Fisher, wanda ake yi idan rukuni sun wuce biyu, babu. Masu tumbi, masu babur, magoya bayan Arsenal, waɗanda suka je Hajji. Can wajen ƙarfe ɗayan dare ta faɗo: a cikin masu mata biyu, zoɓo yana aiki, lambar p ƙasa da 0.05. Har na fara gina bayani a raina, cewa mai mata biyu jininsa ya fi samun wurin sauka.

Na san amsar tun kafin in tura, don wannan lissafin aji uku ne. Idan kowane gwaji yana da damar kuskure 5 cikin 100, ka yi gwaji 20 masu zaman kansu a kan abin da ba ya aiki, damar ko ɗaya ya yi maka ƙarya ta kai 64 cikin 100. Ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka sai da ta fitar da sanarwa a 2016 tana jan kunnen masu bincike a kan irin wannan farautar lambar p, da kuma ɗaukarta a matsayin hukuncin ƙarshe. Amma na tura. 'Yar yayata ta amsa da tambaya ɗaya: "Kawu, masu mata biyun su nawa ne?" Ban ba ta amsa ba, domin a ɓangare ɗaya su biyu ne, kuma ɗayan ya saki ta biyun ana tsakiyar bincike.

Tana duba hoton shafin ne idonta ya faɗa kan wani layi da na ja wa jan biro na soke.

"Wannan fa da ka goge?"

Na ce Alhaji ne. Lambarsa kullum tana haura 180, shi kaɗai yake jan matsakaicin rukunin zoɓo sama yana ɓata mini aiki. Na yi mata bayanin masana: hannunsa ya fi ƙarfin maɗaurin na'urata, ƙaramin maɗauri kuma yana ƙara lamba, don haka na cire shi a matsayin bare.

Muryarta ta canja, ladabin ya ragu da kusan rabi. Ta ce ƙaramin maɗauri yana ƙara lamba, gaskiya ne, amma ba ya mai da lafiyayye ya zama 180 kullum. Iyakar da ake fara cewa jini ya hau 140 bisa 90 ce. Mutumin nan yana yawo a bakin shanyewar ɓarin jiki, ni kuma na soke shi da biro don kada ya lalata mini matsakaici. Ta ce gobe da safe in kai shi asibiti ko ta kira mahaifiyarta. Wanda ya san yayata ya san wannan ba barazanar wasa ba ce.

Kai Alhaji asibiti ya fi duk binciken wuya. Sai da na ce masa ana son a tabbatar da nasararsa a kan na'urar gwamnati. Aka auna shi da babban maɗauri, aka sake aunawa, ma'aikaciyar jinya ta kalle shi ta kalle ni ta tambayi wanda ya bar shi haka. Na duba silin. Aka ɗora shi a kan amlodipine da wata ƙwayar, aka hana shi gishiri da kilishin dare, aka ce ya riƙa dawowa.

Yanzu jininsa ya sauka, ya rage tumbi, yana hawa benen shagonsa ba haki. Ƙwayar tana cikin aljihun rigarsa, yana haɗiye ta a ɓoye da ruwan leda kafin ya iso majalisa. Da ya zauna kuwa sai ya ɗaga gorar zoɓo sama yadda kowa zai gani. Makon jiya na same shi ya tsare wani baƙo daga Kwari yana yi masa huɗuba.

"Ni da bakina na ƙaryata, amma bincike ya nuna. Ga Farfesa nan, shi ya auna mu, har da Inyamuran Sabon Gari. Farfesa, gaya masa lambar nan taka, fi ce ko me?"

Na ce, "Alhaji, ai ƙwayar asibiti ce ta..."

"Ka ji shi, tawali'u ne da shi. Mai shayi, ba Farfesa kauri, ni zan biya."

Na karɓa. Da ƙwai biyu.